Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi: Me Ya Sa Darajarta Ke Ƙaruwa da Shekaru?

Duk wanda ya yi wayo a Madawa, Buza ko Keita ya san Peugeot 404 da 504. Su ne suka yi ta ɗibar fasinja da buhunan albasa daga fadamar Tarka zuwa Ƙonni da Maraɗi, suka sha ƙurar hanyoyin duwatsun Adar shekara da shekaru. Wasu daga Kaduna aka kawo su, inda aka fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Wasu kuma Turawa ne suka keto Sahara da su ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, suka sayar, suka koma gida a jirgi.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne 504 tana da 'yar'uwa 'yar gata, mai ƙofa biyu da rufin yadi da ake naɗewa baya. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta fito a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Cikin 504 sama da miliyan uku da aka yi, buɗaɗɗun kimanin 8,000 ne kacal. A yau ana auna gangar jikin 'yan'uwanta a kan sikeli ana sayarwa a kilo, ita kuwa masu tara tsoffin motoci a Turai nemanta suke ruwa a jallo. Me ya raba su?

Na farko dai ƙaranci ne, kuma ƙarancin yana da dalili. Rufin mota ba inuwa kawai yake bayarwa ba, shi ke ɗaure gaba da baya ya hana jiki murɗewa in an shiga gargada. Da zarar an cire shi, dole injiniyoyi su ƙara ƙarfe a ƙasan mota da gefunan ƙofofi da ginshiƙan gilashin gaba. Nauyi ya ƙaru, aikin hannu ya ƙaru, farashi ya hau, masu saye suka ragu. Mercedes-Benz 300 SL mai buɗaɗɗen rufi, wadda aka yi daga 1957 zuwa 1963, guda 1,858 ce duka-duka. Babbar Mercedes 600 ta shugabannin ƙasa, wadda ake buɗe rufin bayanta domin shugaba ya miƙe ya ɗaga hannu, 59 kawai aka ƙera. Kullum adadin raguwa yake, domin haɗari da tsatsa na cin nasu rabon, ba a kuma yin sababbi.

Na biyu shi ne abin da motar ke nufi. Ba a yi ta don ɗaukar kaya ko gudun rana ba, an yi ta ne don a ga wanda ke ciki. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan: ranar hawan salla sarki kan doki yake fitowa, a ƙarƙashin laima, talakawa su gan shi ido da ido su yi jinjina. Buɗaɗɗiyar mota wannan aikin ta yi wa shugabannin ƙarni na ashirin. A 1972 fadar shugaban Faransa Georges Pompidou, wanda ya ziyarci Yamai a farkon waccan shekarar, ta karɓi Citroën SM guda biyu masu buɗaɗɗen rufi, aikin maƙerin motoci Henri Chapron, aka fara tarbar Sarauniyar Ingila da su.

Sai dai tun kafin nan zamanin ya soma juyawa. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe shugaban Amurka John Kennedy a Dallas yana cikin buɗaɗɗiyar Lincoln. Daga baya aka yi wa motar rufi da sulke, yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. Tsoron harsashi, da yaɗuwar na'urar sanyaya mota, da tsaurara dokokin kare fasinja, suka taru suka rage kasuwar, har Cadillac ya tallata Eldorado ta 1976 a matsayin buɗaɗɗiyar mota ta ƙarshe a Amurka. Salon ya dawo daga baya, amma na wancan zamani sun riga sun zama kayan tarihi.

Na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne asali. Masana ba ƙyalli suke fara dubawa ba. Lambar inji suke nema su gwada da takardun kamfani, su duba ko fentin na farko ne, ko fatar kujeru ita ce ta ranar da motar ta fito, su bi sunayen waɗanda suka mallake ta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2014 aka gano motoci kusan 60 da wani ɗan kasuwar sufuri, Roger Baillon, ya tara a yammacin Faransa, akasarinsu a ƙarƙashin rumfunan kwano. Cikinsu akwai buɗaɗɗiyar Ferrari 250 GT California ta 1961, wadda ɗan fim Alain Delon ya taɓa hawa, an jibga mata tsoffin mujallu a kai. Ba a sake mata fenti ba aka kai ta gwanjo a Paris cikin Fabrairun 2015, aka saye ta a kan Yuro miliyan 16 da ɗoriya, fiye da sefa miliyar 10. Da an kankare ta an cusa mata injin wata mota, da ba ta kai ko kusa ba.

Ƙungiyar FIVA, mai kula da harkar tsoffin motoci a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30, an adana ta a kamanninta na asali, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. A wannan ma'auni, duk wata 404 ko tsohuwar Mercedes da ke jingine a bayan gida a Adar ta cika sharaɗin shekaru.

Yanayinmu ma yana da nasa alheri. Babbar abokiyar gabar ƙarfe tsatsa ce, wadda laima da gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ke haddasawa. Shi ya sa ake son motocin da suka zauna a busassun wurare irin Arizona. Busasshiyar iskar Tawa na kare ƙarfe haka nan. Illarmu rana ce da ƙura: rana na ƙona fenti, ta tsattsage roba da fata da yadin rufi, ƙurar hunturu kuma ta shiga inji ta cinye shi a hankali. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. A sa motar a inuwa, a ɗage ta a kan duwatsu ko katako don tayoyi su huta, a riƙa tayar da inji lokaci-lokaci, a canza mai, a toshe kafofin ɓeraye, a kuma adana kowace takarda.

Ba kowace tsohuwar mota ce za ta yi kuɗin Ferrari ba, kuma ba kuɗi kaɗai ne dalilin ajiya ba. Mercedes ɗin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Legas, ɗalibai na zuwa suna ganin ramukan harsasai da idonsu. Motar wani sarki, ko ta hakimi, ko ta attajirin da ya fara kawo mota garinsu, ita ma shaida ce ta zamaninta. Saboda haka muna kira ga iyalai da masarautu da hukumomin al'adu na jihar Tawa: kafin a kira mai sayen ƙarafa, a rubuta lambar motar, a ɗauki hotonta, a tambayi dattawan direbobi da kanikawa labarinta tun suna raye, sannan a samar mata rumfa.