Tsinken da ke cin ƙarfe yana ƙarewa: darasi daga Katako ga masu sayo wa gwamnati injina

Motocin da ke sauke katako da hatsi a kasuwar Katako ta Jos, da injinan da ke juya zarto idan wuta ta ɗauke, akasarinsu dizal suke sha. A cikin kowannensu akwai nozul mai ramuka da ido da ƙyar yake gani, faɗin kowane bai fi gashin kai biyu ko uku ba. Idan ramin ya buɗe fiye da kima, inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana zubar da mai, bakanike ba ya gyara shi. Sabo ake saya, daga waje.

Ramuka irin waɗannan ba da bori aka fi huda su ba, da tartsatsin lantarki ne. Ana kusanto siririn tsinke, galibi na tungstin, ga ƙarfen da za a huda, su biyun a nutse cikin mai irin kananzir ko tataccen ruwa. Ba sa taɓa juna. Tartsatsi ne ke tsallake ɗan gibin da ke tsakaninsu sau dubbai a daƙiƙa, kowane ya narkar da ɗan ɓurɓushi, ruwan ya wanke shi. Taurin ƙarfe bai dame shi ba, muddin yana ɗaukar lantarki. Boris Lazarenko da matarsa Natalya ne suka gano dabarar a Tarayyar Sobiyet a 1943, kuma abin ban sha'awa, aikin da aka ba su shi ne hana tartsatsi cinye tungstin a mahaɗar wuta. Ba su hana ba, sai suka mai da cutar sana'a.

Cutar kuwa ba ta gushe ba. Tartsatsin da ke cin ƙarfe yana cin tsinken ma. Duk mai walda a Jos ya san wannan a hannunsa: sandar walda tana gajarta, shi kuma yana matsowa a hankali don kada wutar ta yanke. Sai dai shi da ido yake gani, kuma ita sandar don ta narke aka yi ta. A aikin da ake aunawa da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, babu idon da zai gani. Inji yana lissafin ya sauka milimita ɗaya, alhali wani ɓangare na saukar tsinken ne ya lashe. Ramin ya fito bai kai zurfi ba. Gefen tsinken ma yana ci, bakinsa ya dulmuƙe, ramin ya tsuke daga ƙasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a auna yawan zaizayewar tun farko, a umarci inji ya ƙara sauka kaɗan bayan kowane zango. Tana aiki ne kawai idan yanayi bai canza ba, kuma yakan canza da zarar ɓurɓushi ya taru a rami mai zurfi. Wasu kan tsayar da aiki lokaci lokaci, tsinken ya koma ya taɓa wani wuri da aka san tsayinsa, a gane nawa ya ragu. Akwai daidaito, amma tana cin lokaci. A 1998 Yu da Masuzawa da Fujino na Jami'ar Tokyo suka fito da dabarar da ta fi burge ni: a riƙa cire ƙarfen shafi shafi, kowane siriri ƙwarai, tsinken yana kai da komo, ta yadda zaizayewar za ta tsaya a bakinsa kuma ta daidaita shi da kanta. Daga nan tsawo kaɗai ya rage a cike, shi kuwa lissafi ne. Masu bincike a Leuven ta Beljiyam sun bi ta wata hanyar, inji ya riƙa lura da tartsatsin yana gyara saukarsa nan take.

Me ya haɗa ma'aikacin Abuja da wannan? Takardar sayayya. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya ce a fifita ƙwararru da fasahar gida, hukumar NASENI kuma tun 1992 aka ɗora mata gina ginshiƙin ƙere-ƙere. Amma wanda ya rubuta sunan inji da farashinsa kawai, ya manta da manhajar da ke cike zaizayewa, da na'urar fiƙe tsinke a kan injin, da madubin awo, da horar da mai aiki, da wutar da ba ta rawa, ya sayo abin da zai huda rami amma ba zai huda iri ɗaya sau ɗari ba. Masana'anta kuwa maimaituwa take saya.

Akwai kuma batun tsinken kansa. Dutsen da ake tace tungstin daga cikinsa yana fitowa tare da kuza a duwatsun Filato da Bauci da Ririwai ta Jihar Kano, kuma Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa, NMDC, a Jos take zaune. Ɗanyensa ake fitarwa. Tsinken da zai ƙare a bakin aiki, da dala ake sayo shi, don haka kamata ya yi a sa kuɗinsa na kowace shekara a kasafi tun ranar da aka sa na injin.