Jiragen Dogon Zango: Yadda Matafiyan Jos Ke Auna Hidima da Amanar Kamfanoni

JOS — Titin Bauchi na daga cikin manyan hanyoyin hada-hada a birnin Jos. A kansa babbar tashar mota take, da ɗaya daga cikin harabobin Jami'ar Jos, kuma daga shagunan da ke bakinsa da unguwannin kewaye ake samun 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya Dubai da Guwanzu ta ƙasar Sin, da masu niyyar Umara, da malamai da ɗalibai masu zuwa Turai. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira, kuɗin tikitin ƙasashen waje ya yi tashin gwauron zabi, abin da ya sa zaɓen kamfanin jirgi ya zama lissafin kasuwanci kamar kowane lissafi.

Tambayoyi biyu ne ke gaban irin waɗannan matafiya: wane kamfani ne ya fi kyautata hidima a doguwar tafiya, kuma shin akwai riba idan mutum ya riƙe kamfani ɗaya yana tara maki a katinsa?

Tafiyar tana farawa ne tun daga mota

Jiragen fasinja da ke sauka a Filin Jirgin Sama na Yakubu Gowon da ke Heipang na cikin gida ne. Saboda haka duk mai fita ƙasar waje daga Jos sai ya dangana da Abuja, wadda ke da nisan kusan kilomita 300, ko Kano, ko kuma Legas. Wannan shi ya sa ma'aunin farko a wurin mutumin Jos shi ne garin da jirgi ke tashi da kuma sa'ar tashinsa. Kamfanin da ke tashi daga Legas kaɗai ya ƙara wa fasinja kuɗin jirgin cikin gida da na masauki, kuma idan jirgin cikin gidan ya yi jinkiri alhali tikitin biyu a rabe aka saye su, asarar tana kan fasinja ne.

Haka nan sa'ar saukar jirgi a dawowa. Wanda ya sauka Abuja da asuba zai iya isa gida da rana tsaka. Wanda ya sauka da yamma, ko dai ya kwana ko ya bi hanya da dare ɗauke da kaya.

Abubuwan da ake aunawa

Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye tafiyar awa shida da 'yan kai ce. Zuwa Guwanzu kuwa, ta Adis Ababa ko Doha, tafiyar takan kai awa goma sha biyar ko fiye a sama, ban da zaman jira a zango. A irin wannan nisa ne bambancin hidima ke fitowa fili.

Ga ɗan kasuwa, nauyin kaya ke kan gaba. Kamfanoni da dama na ba fasinjan ƙananan kujeru da ya tashi daga Nijeriya jaka biyu, kowace kilo 23, amma akwai tikitin rangwame da ke zuwa da jaka ɗaya. Kuɗin jaka ta uku a filin jirgi na iya cinye duk rangwamen da aka samu a tikiti. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Na biyu shi ne zango. Mai fasfo na Nijeriya da zai sauya jirgi a Landan, ko a filayen jiragen ƙasashen Turai masu biza ɗaya kamar Faransa da Jamus da Holan, yana buƙatar bizar yada zango, sai fa in yana riƙe da wasu takardu da doka ta ware, kamar ingantacciyar bizar Amurka. A Adis Ababa da Doha ba a neman wannan biza ga wanda bai fita daga filin jirgi ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka karkatar da fasinjojin Arewa zuwa kamfanonin Habasha da na yankin Gabas ta Tsakiya. Kamfanin Ethiopian, bisa wasu sharuɗɗa, yakan ba fasinja masauki a Adis Ababa idan jiran ya kai awa takwas kuma babu jirgin da ya fi kusa.

Sai kuma abinci da wurin zama. Kamfanoni irin su Saudia da Emirates da Qatar Airways da Turkish Airlines abincinsu duka na halal ne, yayin da a kamfanonin Turai ake buƙatar Musulmi ya nemi nasa tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Tazarar da ke tsakanin kujeru a ƙananan kujeru ba ta cika wuce inci 31 zuwa 32 ba a yawancin kamfanoni, don haka bambancin ya fi fitowa a yadda ma'aikata ke mu'amala da fasinja da kuma yadda kamfani ke yi idan an sami matsala.

Akwai lambobin yabo da cibiyar Skytrax ta Ingila ke bayarwa kowace shekara. Qatar Airways ne ya zo na ɗaya a duniya a 2024 da 2025, Ethiopian kuma ya daɗe yana riƙe da kambin Afirka. Sai dai wannan yabo ya shafi hidimar kamfani a duniya baki ɗaya. Jirgin da aka ware wa hanyar Abuja ko Kano zai iya zama daban da wanda aka nuna a talla.

Maniyyata aikin Hajji ba sa cikin wannan lissafi, domin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke raba jihohi ga kamfanonin jigila. Masu Umara ne ke da zaɓi.

Asalin katin tara maki

Tsarin saka wa fasinja da maki ya yaɗu ne daga Amurka, inda kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa na AAdvantage a 1981, shekara uku bayan gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade farashin tikiti. British Airways ya bi sahu a 1982. A yau kowane babban kamfani da ke zuwa Nijeriya na da nasa: ShebaMiles na Ethiopian, Skywards na Emirates, Privilege Club na Qatar Airways, Miles&Smiles na Turkish, Alfursan na Saudia, da Flying Blue na Air France da KLM.

Makin iri biyu ne, kuma fasinjoji da yawa kan haɗa su. Akwai makin da ake kashewa wajen karɓar tikiti ko sauya kujera zuwa ta manya. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba a kashe shi, shi ne ke ɗaga mutum zuwa katin azurfa ko na zinariya. Matsayin shi ke kawo ƙarin nauyin kaya, da shiga ɗakin hutawa, da fifiko a layi. Ga ɗan kasuwar da ke dawowa da kaya, jaka ɗaya ta ƙari a kowane sawu ta fi tikitin kyauta da zai jira shekaru kafin ya samu.

Bugu da ƙari, kamfanonin sun haɗu a ƙawance uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, da oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa suna cikin na farko. British Airways da Qatar Airways da Royal Air Maroc suna cikin na biyu. Air France da KLM da Saudia da Kenya Airways suna cikin na uku. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Ma'anar haka ita ce mai katin ShebaMiles zai iya hawa EgyptAir daga Kano ko Turkish daga Abuja, makin ya shiga kati ɗaya.

Lissafin riba

A Emirates da Turkish, matakin farko na matsayi yana buƙatar maki 25,000 cikin shekara guda. Nisan Abuja zuwa Istanbul kimanin mil 2,600 ne, wato sama da 5,000 zuwa da dawowa. Ke nan sai mutum ya yi sawu biyar a shekara a wannan hanya kafin ya kai, shi ma idan tikitinsa na cikakken maki ne. Tikitin rangwame kuwa rabi ko rubu'in makin yake bayarwa. Wanda ke fita sau ɗaya a shekara ba zai kai matakin ba, kuma a kamfanoni da dama makin da ya tara na mutuwa bayan shekara uku.

Har ila yau, kamfani ne ke da ikon sauya ƙa'ida. Delta da United na Amurka sun koma ba da maki bisa kuɗin da aka kashe maimakon nisan tafiya a 2015, British Airways kuma ya yi haka ga makin matsayi daga watan Afrilun 2025. Wannan sauyi ya fifita mai sayen kujerar manya a kan mai yawan tafiya da tikitin araha. Tikitin da ake kira na kyauta ma ana biyan harajinsa da wasu kuɗaɗen kamfani, waɗanda ake lissafawa da dala.

Girman ribar da kamfanoni ke samu a wannan tsari ya bayyana a lokacin annobar korona. A 2020 United ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma biliyan 9, kowanne ya jinginar da shirinsa na tara maki. Kuɗin shirin na fitowa ne galibi daga bankuna, waɗanda ke sayen maki suna raba wa masu katin bashi. Matafiyin Turai ko Amurka yana tara maki ko da bai hau jirgi ba; na Jos kuwa, kusan duk makinsa sai ya zauna a kujera yake samu.

Amana daga ɓangaren kamfani

Tarihin sufurin sama a Nijeriya ya nuna cewa kamfanin da fasinja ya riƙe na iya barinsa. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina aiki a 2003. KLM, wanda ya fara sauka Kano a 1947, ya janye daga can a 2012 bayan shekara 65. Arik Air ya dakatar da zuwa Landan a 2017, bayan hukumar AMCON ta karɓi ragamarsa.

A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Manyan kamfanonin Turai sun ƙi zuwa, Ethiopian ne kaɗai daga cikin kamfanonin waje ya ci gaba da jigila daga Kaduna. Ga fasinjan Jos, wannan shi ne bambanci tsakanin tafiyar 'yan awoyi a mota da zuwa Legas.

Sai kuma rikicin kuɗaɗen kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala, waɗanda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce sun haura dala miliyan 800 a 2023. Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a watan Oktoban 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Kamfanoni da dama a wannan lokaci sun rufe tikitinsu masu araha ga masu saye da Naira. Wanda ya tara maki a katin kamfanin da ya tafi, shekara biyu ya yi ba shi da jirgin kamfanin da zai hau daga gida. IATA ta sanar a 2024 cewa an biya kashi 98 cikin ɗari na kuɗin.

A ɗaya ɓangaren, lokacin da Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas a ranar 30 ga Maris, 2024, kamfanonin waje sun sassauta farashinsu a wannan hanya cikin ɗan lokaci. Abin da katin zinariya bai samar wa fasinja ba, gasa ta samar masa.

Haƙƙin da ba ya buƙatar kati

Akwai kariyar da doka ta ba kowane fasinja. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin sama, ta wajabta wa kamfani biyan diyyar kayan da suka ɓata ko suka lalace, iyakarta kuwa ta kai kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja tun daga ƙarshen 2024. Sharaɗin shi ne a rubuta ƙorafi cikin kwana 7 idan kaya sun lalace, ko kwana 21 idan sun yi jinkirin isowa. Ɗan kasuwar da darajar kayansa ta wuce wannan iyaka sai ya bayyana ta a wurin awo ya biya ƙarin kuɗi.

Dokar Tarayyar Turai ta 2004 kuma ta tanadi diyya har Yuro 600 idan an soke doguwar tafiya ko an yi dogon jinkiri bisa laifin kamfani. Ta shafi duk jirgin da ya taso daga Turai, amma daga Nijeriya zuwa Turai kamfanonin Turai kaɗai ta hau kansu. A cikin gida, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya na da sashen karɓar koke-koken fasinjoji.

Daga waɗannan bayanai, matafiya sun kasu biyu. Ɗan kasuwar da ke fita sau huɗu ko biyar a shekara a hanya ɗaya yana da riba idan ya riƙe ƙawance ɗaya, saboda ƙarin kilo da fifikon da zai samu ranar da jirgi ya cika ko aka soke shi, muddin yana kashe makinsa da wuri. Mai fita sau ɗaya ko biyu kuwa ya buɗe katin, tun da kyauta ne, amma ya sayi tikiti bisa jimillar kuɗin tafiya daga Jos har komawa Jos: mota, masauki, biza, kaya da tikiti. Idan ya biya ƙarin kuɗi domin kawai ya saba da kamfani ɗaya, to ya faɗa cikin abin da Hausawa ke cewa sabo turken wawa.