“In ya yi wuya ka janye”: saƙon kalkulas da ke yawo a wayoyin iyaye

Bayan sallar isha'i saƙon ya faɗo zaurenmu na WhatsApp, a daidai makon da yaran da suka samu gurbin karatu a Amurka ke zaɓen kwasa-kwasan zangon farko. Zauren na iyaye ne da 'yan tsirarun malamai irina, waɗanda muka koyar da lissafi a sakandare har alli ya zame mana hoda. A saman saƙon ga alamar nan ta kibiya biyu, wadda ke nuna an yi ta tura shi har an manta wanda ya fara rubutawa.

Abin da yake cewa shi ne duk ɗan da ya shiga jami'a a can, kada ya kuskura ya zauna a ajin kalkulas na gama-gari, ya nemi wanda suke kira honas, wato ajin da ake ware wa masu son zurfafawa. Wai B a honas daidai take da A a ɗayan. Wai makarantun likitanci da kamfanoni ba sa kallon wanda bai yi honas ba. Wai ajin ƙarami ne, malamin ya fi kula. Wai duk wanda ya ci A1 a Further Maths na WAEC zai sha shi kamar kunu. Sai aka rufe da jimlar da ta sa na zauna rubuta wannan: in ya yi wa yaro wuya a tsakiyar zango, sai ya janye, babu abin da zai faru.

Iyayen da suka karanta suka ɗauki waya suka kira 'ya'yansu, ba na ganin laifinsu. Mutumin da ya sayar da fili ya tura ɗansa ƙetare, aka ce masa ga aji na zarata ga na kowa da kowa, wanne kake tsammanin zai zaɓa masa? Haushina yana kan wanda ya zauna ya tsara saƙon da murya irin ta wanda ya sani, alhali ko takardar I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibi don neman bizar karatu, da alama bai taɓa riƙewa ba.

Uku daga cikin maganganun ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙarin maki ga ajin honas al'adar makarantun sakandaren Amurka ce, inda wasu ke lissafa sakamako har zuwa 5.0; a jami'a ma'aunin da aka saba shi ne 4.0, kuma B tana nan a B ɗinta ko a wane aji aka samo ta. Maganar likitanci ta fi rauni, domin makarantun likitanci da dama a can ba su ma sanya kalkulas cikin sharuɗɗansu ba. Batun ƙanƙantar aji kuwa gaskiya ne a wurare da yawa: manyan jami'o'i kan tara ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lacca ɗaya don kalkulas na gama-gari, na honas kuma ya zama 'yan kaɗan. Wannan kam na ba marubucin gaskiya.

Maganar A1 ce ke da rabin gaskiya, kuma rabin ne ke jefa yara cikin rami. Yaron da ya yi Further Maths da kyau ya riga ya ga yadda ake fitar da saurin canji da yadda ake lissafa faɗin da ke ƙarƙashin lanƙwasa. Zangon farko na ajin gama-gari, wanda galibi ake koyarwa da littafi irin na James Stewart, zai zo masa da fuskokin da ya sani: tsani na zamewa daga bango, tanki na cika da ruwa, a nemo saurin. Amma a jami'o'i irin Chicago da Michigan, ajin honas mafi zurfi yana bin littafin Michael Spivak ne, wanda ya fara fitowa a 1967, kuma wannan wata duniya ce daban. Babin farko ba ya ko ambaton saurin canji. Yana farawa da 'yan ƙa'idojin da lambobi ke bi, sai a ce maka ka tabbatar da hujja cewa duk lambar da aka ninka da sifili sifili za ta bayar. Yaron da ya saba warware tambaya hamsin cikin awa ɗaya sai ya kwana a kan layi uku.

Ga misalin da nakan ba ɗalibaina. Layin da ba ya tsinkewa, in ya taso daga ƙasan sifili ya hau samansa, dole ya ratsa ta sifili. Kowa ya yarda, ido ma ya gani. Ajin gama-gari zai nuna maka zanen a wuce. Ajin honas zai tambaye ka dalili, sannan ya nuna maka cewa da a ce lambobin duniya duka irin su 3/4 da 7/5 ne, da maganar ƙarya ce: x² − 2 zai tsallaka daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya taɓa sifili ba, domin babu irin wannan lamba da za ka ninka da kanta ta ba ka biyu cif. Masana lissafi kansu sun yi kusan shekara ɗari da hamsin suna aiki da kalkulas bayan Newton da Leibniz kafin Cauchy a 1821, da Weierstrass daga baya, su kafa masa wannan tubalin. Abin da ya ɗauki manya wannan tsawon lokaci ne ake so ɗan shekara goma sha takwas ya haɗiye a makonninsa na farko, yana fama da sanyi da Turancin da ake yi ta hanci. A lura kuma, ba kowace jami'a ke nufin haka da kalmar honas ba. A wasu wuraren darasin ɗaya ne da na gama-gari, sauri da wuyar tambayoyi kawai aka ƙara. Sunan ba ya faɗa maka komai sai ka duba littafin da tsarin kwas ɗin.

Yanzu ga jimlar ƙarshe, wadda ita ce gubar.

Ɗan Amurka zai iya janyewa daga kwas, a rubuta masa W a takardar sakamako, ya ci gaba da harkarsa. Ɗanmu da ke kan bizar karatu ta F-1 ba haka yake ba. Dokar shige da fice ta ɗora wa ɗalibin digirin farko ɗaukar aƙalla kiredit 12 a kowane zango, abin da mu a nan muke kira yunit. Kalkulas yakan zo da kiredit 4. Yi lissafin da kanka: yaro ya yi rajistar 15, ya jefar da kalkulas a mako na takwas, saura 11. Da wannan dannawa ɗaya a kwamfuta ya faɗo ƙasa da layin, kuma in ba da izini ya yi ba, ya karya sharaɗin zamansa a ƙasar. Jami'in da ke kula da ɗalibai 'yan ƙasashen waje wajibi ne a kansa ya sanar a rumbun gwamnati da ake kira SEVIS, ana kuma iya rufe rajistar yaron. Daga nan aikin awa 20 a mako da yake yi a harabar makaranta ya haramta. Hanya biyu ta rage masa: ya rubuta wa hukumar shige da fice ta USCIS yana roƙon a maido masa da matsayinsa, ya yi watanni yana jira ba tare da tabbas ba, ko ya fita ƙasar ya karɓi sabuwar I-20, ya sake biyan dala 350 na SEVIS, ya nemi dawowa. A Yulin 2025 kuwa Amurka ta mayar da mafi yawan bizar da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku. Wanda ya fita, sai ya koma layin ofishin jakadanci a Abuja ko Legas. Tallafin karatu ma sau da yawa yana ɗaure da sharaɗin cikakken kiredit da wani matakin maki.

Ina ganin daga inda kuskuren ya samo asali. Mu a jami'o'inmu, kwas in ya kayar da kai sai ka ɗauke shi zuwa baɗi, ka sha tsokanar abokai, shi ke nan. Babu mai tambayar fasfonka. Wanda ya rubuta saƙon ya ɗauki ma'aunin Zariya ya auna Michigan da shi.

Akwai ƙofa a dokar, kuma adalci ne in faɗe ta. Jami'in nan mai kula da ɗalibai 'yan ƙasashen waje na iya ba ɗalibi izinin rage kwasa-kwasai saboda wahalar karatu, kuma cikin dalilan da aka amince da su har da sanya ɗalibi a ajin da bai dace da matakinsa ba. Sai dai izinin kafin janyewa ake karɓarsa, ba bayan an janye ba. Dole yaro ya riƙe aƙalla kiredit 6. Kuma sau ɗaya tak ake bayarwa a duk tsawon digirin. Wanda ya ƙona wannan harsashi a zangon farko saboda kwas ɗin da ba a tilasta masa ba, ba shi da wani in shekara ta uku ta yi zafi. Saƙon bai ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Abin da ya fi kama da “janyewa ba komai” shi ne sauya aji, daga honas zuwa gama-gari, wanda ba ya rage kiredit. Jami'o'i da yawa sun yarda da shi, wasu sassan lissafi ma kan tsawaita lokacinsa don sun san halin da sababbin ɗalibai ke shiga. Amma yana da ranar rufewa, sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu na farko, ita kuwa jarrabawar da za ta nuna wa yaro matsayinsa takan zo ne bayan nan. Ko an bar shi ya sauya a makare, zai tarar 'yan gama-gari sun yi nisa cikin saurin canji shi yana can yana tabbatar da ƙa'idojin lambobi, ga aikin gida na makonni da ya wuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar rufe sauya aji da ranar rufe janyewa duka suna rubuce a kalandar jami'a tun kafin yaro ya hau jirgi, kuma wanda ya yi rajistar kiredit 16 ko fiye ya bar wa kansa wurin juyawa.

Kada a ɗauka ina hana honas ne. Yaron da ke son zama masanin lissafi ko na fiziks, wanda tun yana SS2 yake damun malami da “to me ya sa?”, wannan ajin gidansa ne, kuma zan yi baƙin ciki in tsoro ya hana shi. Na koyar da irinsu, ba su da yawa, kuma ba lallai su ne masu A1 ba. Mai karatun injiniya ko tattalin arziki kuwa, abin da kwasa-kwasan gaba za su nema a wurinsa shi ne hannu mai sauri da fahimtar inda ake amfani da dabarar, kuma ajin gama-gari don haka aka gina shi. Jarrabawar tantance mataki da jami'o'i ke yi wa sababbin ɗalibai, da zama na rabin awa da mai ba da shawara a sashen lissafi, sun fi duk wani saƙon dare sanin inda ya kamata a ajiye yaro.

Na rubuta wa wanda ya turo saƙon zaurenmu, dattijo ne da nake girmamawa. Na ce, “Alhaji, don Allah wa ya rubuta wannan? Akwai abin da zai iya jawo wa yaro matsalar biza a ciki.” Sai da gari ya waye ya amsa: “Wallahi Malam, ni ma turo min aka yi.” Na roƙe shi ya goge, ya goge a namu zauren. Kafin azahar wata ƙanwata ta turo min shi daga zauren matan unguwarsu, tana tambaya ko ta gaya wa ɗanta ya sauya aji.