Yaro Ɗan Shekara Biyu Zuwa Uku: Me Ke Gaskiya, Me Ke Jita-jita?

Da zarar an yaye yaro, idon dangi da maƙwabta na kansa. Wannan ta ce bakinsa ya yi nauyi, waccan ta ce ƙafarsa ta lanƙwashe, kowa kuma da dalilinsa da maganinsa. Wasu maganganun suna da tushe, wasu kuwa suna sa iyaye su tsorata da abin da ba shi da illa, su kuma yi sakaci da abin da ke buƙatar asibiti. Ga guda shida da aka fi ji.

"Kowane yaro da lokacinsa." Gaskiya ne, amma da iyaka. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda ya haɗa da yara daga Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, an ga lafiyayyun yara suna fara tafiya da kansu tun daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Tazarar tana da faɗi, sai dai tana da ƙarshe. Jadawalin da hukumar CDC ta Amurka ta sabunta a 2022 ya lissafa abin da kashi 75 cikin ɗari na yara suke yi a kowane mataki. Ɗan shekara 2 yana gudu, yana haɗa kalma biyu kamar "Mama ruwa". Ɗan wata 30 yana da kalmomi wajen 50, yana tsalle da ƙafa biyu. Ɗan shekara 3 yana faɗin sunansa, yana tambayar "wa" da "ina" da "don me", baƙo ma yana gane yawancin zancensa.

"Namiji ba ya magana da wuri, a ƙyale shi." Akwai ƙamshin gaskiya, domin 'yan mata kan ɗan riga maza buɗe baki. Amma bambancin ƙanƙane ne. Yaron da ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, namiji ne ko mace, abu na farko shi ne a gwada jinsa. Ƙyanda da sanƙarau da ciwon kunne mai fitar da mugunya duk suna iya rage ji, wanda bai ji sosai ba kuwa ba zai iya kwaikwayo ba.

"Harsuna biyu suna rikita yaro." Ƙarya ne. Yaron da ke jin Hausa da Fulatanci a Yola, ko Hausa da Zabarmanci a Yamai, ba ya samun jinkirin magana saboda haka. Idan ya cakuɗa su a jimla guda, haka koyo yake. In za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na harsunan biyu. Abin da ke rage masa damar koyo shi ne a miƙa masa waya ya wuni yana kallo babu mai tanka masa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada kallon ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana.

"Goyo ne ke lanƙwasa ƙafa." Ƙarya ne. Yawancin yara suna fara tafiya da 'yar ƙafar baka, ta miƙe da kanta wajen shekara 2, wasu ma su ɗan yi gwame daga baya kafin ta daidaita. Idan lanƙwasar tana ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce kawai, a je asibiti. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa laushin ƙashi a yaran Najeriya yana da nasaba sosai da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci. Haka kuma camfin hana yaro ƙwai wai don kada ya yi sata yana cutarwa: ƙwai da nono da kifi da wake su ne ke gina jiki da ƙwaƙwalwa, su kare shi daga tamowa.

"Haƙori ne ke kawo gudawa da zazzaɓi." Wannan ita ce mafi haɗari. Turamen ƙarshe suna fitowa tsakanin shekara 2 da 3, haƙoran nono su cika 20. Suna iya kawo ƙaiƙayin dasashi da dalala da rigima, amma ba sa kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Wannan aikin cizon sauro ne ko gurɓataccen ruwa ko wata cuta. Maganin haƙori ma ba abin wasa ba ne: gurɓataccen ruwan maganin My Pikin da ya bazu a 2008 ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya.

"Allurar rigakafi ce ta kashe masa baki." Ƙarya ne. Asalin zancen wani rahoto ne na likitan Ingila Andrew Wakefield a 1998, wanda ya danganta allurar ƙyanda da lalurar da ake kira galahanga. Mujallar The Lancet da ta wallafa shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. Abin da aka tabbatar yana lalata ƙwaƙwalwar yara shi ne irin gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ta bar wasu da naƙasa.

Birgima da kuka da yawan cewa "a'a" ɗabi'ar wannan shekarun ce, ba shafar aljanu ba. Amma idan yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, bai yi tafiya ba a wata 18, ko ya daina wani abin da ya riga ya iya, kada a tsaya jiran ya ƙara wayo. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A kai shi, a faɗa wa likita abin da aka gani dalla-dalla, a nemi gwajin ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, taimakon da yaro ya samu a shekara 2 kuwa ya fi wanda zai samu a shekara 6 tasiri nesa ba kusa ba.