Discworld: Mutanen da Ke Zaune a Bayan Kunkuru

A shekarar 1983 wani ɗan Ingila mai suna Terry Pratchett, wanda a lokacin jami'in hulɗa da 'yan jarida ne a hukumar samar da wutar lantarki ta ƙasarsu, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna The Colour of Magic. Duniyar da ya ƙaga a cikinsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana bisa gadon bayan giwaye huɗu, su kuma giwayen suna tsaye a kan wani ƙaton kunkuru mai suna A'Tuin da ke iyo a sararin samaniya. Ruwan teku in ya kai bakin faifan sai ya kwarara ƙasa. Daga wannan littafi aka samu jerin labaran da ake kira Discworld, guda 41, waɗanda aka fassara zuwa harsuna masu yawa, aka kuma sayar da miliyoyin kwafi.

Wanda ya ji zancen kunkuru da giwaye zai ɗauka abin da ke jan masu karatu ke nan. Ba shi ba ne. Kunkurun nan, bayan littattafan farko, da ƙyar ake ambatonsa. Abin da ke sa mutum ya gama littafi ɗaya ya nemi na gaba shi ne mutanen ciki, waɗanda mai karatu kan san halinsu har ya iya faɗin abin da wane zai yi tun bai yi ba, kuma in ya yi ɗin a sake yin dariya. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san wannan: an ce ruwa aka fita nema, amma abin da ya zauna a ran mutane shi ne yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ɗana wa juna tarko.

Littattafai biyu na farko tsokanar labaran jarumai da matsafa ne, irin waɗanda suka cika kasuwar Turawa a wancan zamani. Gwarzonsu, Rincewind, matsafi ne da bai iya tsafi ba, matsoraci na ƙin ƙarawa, wanda gwanintarsa ɗaya ita ce gudu. Yana rakiyar Twoflower, ɗan yawon buɗe ido na farko a wannan duniya, mutumin da bai san haɗari ba ko ya gan shi ido da ido. Bayansu kuma akwai wani akwatin katako mai ɗaruruwan ƙananan ƙafafu, mai bin ubangidansa duk inda ya sa gaba, mai haɗiye duk wanda ya taɓa shi. Akwai ban dariya, amma labarin tsalle-tsalle yake yi daga wannan wasa zuwa wancan. A ganina marubucin bai gama gane abin da ke hannunsa ba sai da ya shiga birni ya zauna.

Birnin shi ne Ankh-Morpork, mai ƙazanta da cunkoso da son kuɗi, wanda kogin da ya ratsa shi ya yi kauri da datti har ana barkwancin cewa ana iya takawa a kansa. Mai mulkinsa, Vetinari, mutum ne mai sanyin murya da nisan lissafi. Da ya ga ba za a iya hana sata ba, sai ya ba ɓarayi izinin kafa ƙungiya: a yanka musu adadin abin da za su sata a shekara, su ba wanda suka yi wa sata rasit, sannan su da kansu su hukunta duk ɓarawon da ba shi da lasisi. Ga kuma Dibbler, mai tallan nama a cikin burodi, wanda ba a tambayarsa naman mene ne, kullum yana rantsuwa cewa a kan asara yake sayarwa. A jami'ar matsafa ta birnin, mai kula da ɗakin karatu tsautsayin tsafi ya mayar da shi goggon biri, ya kuma ƙi yarda a dawo da shi mutum, don ya ga dogayen hannuwa sun fi sauƙin kaiwa ga littattafan da ke can sama.

A wannan birni aka haɗu da Sam Vimes, kuma a kansa ya kamata a ɗan tsaya. A littafin Guards! Guards! na 1989 an fara ganinsa kwance a kwata, a buge. Shi ne kyaftin na 'yan gadin dare, rundunar da ta lalace har saura mutum uku: shi, da Saje Colon mai ƙiba da kasala, da Nobby wanda ko yaushe hannunsa na cikin abin da ba nasa ba. Sai ga sabon ɗauka, Carrot, zanƙalelen saurayi da wadanni suka yi renonsa a cikin ramin haƙar ma'adinai, wanda ya ɗauki kansa wada duk da kansa na bugun rufin gidansu. Carrot ya haddace littafin dokokin birnin, ya kuma ɗauka da gaske ake, don haka bai daɗe da zuwa ba ya je ya kamo shugaban ƙungiyar ɓarayi da laifin sata. Abin dariya ne, amma wannan wauta tasa ce ta tuna wa Vimes abin da ya sa tun farko ya sa kaki.

Daga nan mai karatu zai bi Vimes littafi bayan littafi: ya daina shan giya, ya auri Sybil Ramkin, hamshaƙiyar mai kuɗi mai kiwon ƙananan dodanni masu aman wuta, ya zama kwamanda, har aka naɗa shi babbar sarauta, alhali shi mutum ne da ya tsani sarakuna da masu sarauta. Ba a taɓa barinsa ya manta da talaucin da ya taso a ciki ba. A Men at Arms na 1993 yana zaune yana lissafin takalmi. Albashinsa dala 38 a wata. Takalmi mai kyau dala 50 ne, yana shekara goma bai yoyo ba. Na talaka dala 10, damina ɗaya ko biyu ya huje. Cikin shekara goma talaka ya kashe ninki biyu na abin da mai kuɗi ya kashe, kuma har yanzu ƙafarsa a jiƙe take. Wannan lissafi ya fita daga littafin ya shiga bakin masu magana kan tattalin arziki, har a 2022 wata mai fafutukar yaƙi da talauci a Birtaniya, Jack Monroe, ta sa sunan Vimes ga wani ma'aunin tsadar kayan masarufi da ta ba da shawarar kafawa. Shi kuwa Vimes, ko bayan ya yi arziki ya fi son takalmi mai siririn tafi, domin da tafin ƙafarsa yake jin duwatsun titi ya gane unguwar da yake cikin duhu.

Can cikin tsaunuka, a ƙaramar masarautar Lancre, akwai Granny Weatherwax, tsohuwar bokanya mai taurin kai wadda ba ta cika yin tsafi ba duk da ta fi kowa iyawa. Ta fi dogara da sanin halin ɗan Adam: ta san in mara lafiya ya yarda da ruwan da ta ba shi, rabin aiki ya ƙare. Ƙawarta Nanny Ogg kishiyar halinta ce, mai yawan 'ya'ya da jikoki, mai son shagali da sakin baki. Rabin daɗin waɗannan littattafai gardamar tsofaffin nan biyu ce.

Sai Mutuwa, wanda a labaran namiji ne, ƙwarangwal cikin baƙar alkyabba, mai farin doki da ake kira Binky. Kusan babu littafin da bai leƙo ba, kuma ana buga maganarsa da manyan baƙaƙe, ba tare da alamar zance ba. Pratchett bai yi shi mugu ba. Ma'aikaci ne mai riƙon amana, mai son kyanwoyi, wanda al'amarin mutane ke ɗaure wa kai. A Mort na 1987 ya ɗauki yaron aiki, ya bar masa ragama ya tafi ɗanɗana rayuwa, har ya kama aikin dafa abinci a wani gidan cin abinci. A Reaper Man na 1991 an sallame shi daga aiki, ya koma ɗan ƙodago a gonar wata tsohuwa, yana yankan ciyawa ƙwaya ɗaya-ɗaya.

Yadda aka tsara littattafan ma da nasa salo. Yawancinsu ba su da babi, labari ne ke gudu daga farko har ƙarshe. Akwai kuma ƙarin bayani a ƙasan shafi, inda marubucin kan ajiye labari ya kauce ya yi wani barkwancin, wani lokaci ma ƙarin bayanin ya haifi nasa ƙarin bayanin. Pratchett ya fara aiki ne a matsayin ɗan jarida a wata ƙaramar jaridar yanki, Bucks Free Press, kuma idon ɗan jarida bai bar shi ba. Ya yi littafi a kan kafa jarida, The Truth na 2000, da wani a kan gidan waya, Going Postal na 2004, inda aka ceto wani ɗan damfara daga igiyar rataya aka ba shi shugabancin gidan wayar da ya mutu. Matsala ɗaya ga wanda Turanci ba harshensa ba ne ita ce yawan wasa da kalmomi da shaguɓe ga al'adun Ingila. Wasu za su wuce shi bai ankara ba. Halayen mutanen dai ba sa bukatar ƙamus.

A ƙarshen 2007 Pratchett ya sanar cewa ya kamu da wani nau'in cutar mantuwa ta Alzheimer, amma ya ci gaba da rubutu, daga baya ta hanyar shifta. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 2009. Ya rasu ranar 12 ga Maris, 2015, yana da shekara 66, littafin ƙarshe kuma, The Shepherd's Crown, ya fito bayan 'yan watanni. Ya bar wasiyya kada kowa ya ƙarasa abin da bai gama ba, saboda haka a 2017 mataimakinsa Rob Wilkins ya sa aka bi ta kan ma'ajiyar kwamfutarsa da tsohuwar motar daddale titi.

Mai son farawa ba dole ne ya bi lamba ba, domin kusan kowane littafi labarinsa a kammale yake. Abin da ya fi shi ne a zaɓi mutum ɗaya a bi shi. Mai son labarin bincike da siyasar birni ya ɗauki Guards! Guards!, mai son tsofaffin Lancre ya fara da Wyrd Sisters na 1988, yara da matasa kuma akwai The Wee Free Men na 2003, labarin Tiffany Aching, yarinya 'yar shekara tara da ta tunkari dodon ruwa da kaskon suya. Na 1983 ɗin ana iya dawo masa daga baya.