Ƙarfin Gam a Aikin Kafinta

Farin gam, wanda ake kira PVA, shi ne kafintoci suka fi amfani da shi wajen haɗa kujeru da tebura, domin idan aka goge fuskokin katako suka haɗu daidai, aka matse su, aka bar gam ɗin awa 24, mahaɗar takan fi katakon kansa ƙarfi, sai dai danshi yana raunana irinsa na yau da kullum. Ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa, yana cike giɓi kuma yana jure ruwa, shi ya sa ake ƙera jiragen ruwa da shi. Gam na fatar dabbobi kuwa yana saki da zafi, don haka ya dace da kayan kiɗa masu buƙatar gyara.