Bas ta Gida Ma Tana da Ajin Lasisinta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, noman rani ya zama abin dogaron dubban gidaje a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Manomin da shinkafa ko albasa ta yi wa kyau, idan ya gyara gida ya sallami masu bin sa bashi, abin da yake hange na gaba shi ne abin hawa. To amma magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma sha wani abu, ƙaramar mota ba ta kwashe masa iyali. Shi ya sa ido ke komawa kan Sienna, ko Volkswagen Sharan da muke kira Sharon, mai ƙarfin aljihu kuma ya ɗauko Toyota Hiace, wadda aka fi sani da Homa. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare, da ita ake kai amarya, da ita ake zuwa ta'aziyya Gusau ko Sakkwato.

Yawancin masu irin waɗannan motoci amsarsu ɗaya ce idan jami'i ya tsayar da su a hanya: "Ranka ya daɗe, ai motar gida ce, ba haya nake yi ba." A ganinsu, tunda ba sa shiga tasha, ba sa biyan kamasho, kowane irin lasisi ya wadatar, ko ma babu shi sam. Wannan fahimta tana buƙatar gyara. Doka ba ta tsaya ga wanda ya mallaki mota ba. Abin da take dubawa shi ne girman motar, da irin rajistar da aka yi mata, da aikin da ake yi da ita.

Lasisi aji-aji ne

Dokokin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na shekarar 2012 sun kasa lasisin tuƙi aji-aji, kowane aji da harafinsa a jikin katin. A na babur ne. B na motar da cikakken nauyinta bai kai tan 3 ba, muddin ba tasi ba ce, ba ta haya ba ce, ba kuma bas ta ɗaukar fasinja ba ce. C na duk motar da ba ta kai tan 3 ba, ta gida ce ko ta haya. D na manyan motocin kaya ne, ban da tasi da bas da tirela. E ya haɗa kowace mota, har manyan bas-bas, in ban da babur da tirela. F na tarakta ne da injunan noma, abin da ya shafi masu aikin huɗa a filayen Bakolori kai tsaye. G na tirela da tanka ne, H na katafila da ire-irenta, J kuma na masu buƙata ta musamman.

Ajin B shi ne a hannun mafi yawan masu motocin gida. Saboda haka mai bas ya ciro katinsa ya duba harafin, sannan ya yi wa kansa tambayoyi uku.

Ta farko, nawa ne cikakken nauyin motar? Ba nauyinta tana fanko ake nufi ba. Ana nufin nauyinta haɗe da iyakar lodin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarje mata ta ɗauka, kuma galibi akan same shi a rubuce a ɗan ƙaramin allo da ke jikin ƙofar direba ko kusa da inji. Sharon da Sienna ba su kai tan 3 ba, don haka ajin B ya isa wanda yake jigilar iyalinsa da su. Manyan Hiace masu dogon jiki da dogon rufi kuwa, akwai waɗanda suka haura wannan iyaka. Da zarar mota ta haura, ta fita daga B, ta fita daga C.

Ta biyu, da wane suna aka yi mata rajista? Lambar mota tana faɗar wannan tun daga nesa: shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Sau da yawa mutum yakan sayi tsohuwar bas daga hannun ɗan tasha, ya ci gaba da yawo da jar lambarta da takardunta na haya. A idon doka wannan motar haya ce har gobe, kuma mai ajin B ba shi da hurumin tuƙa ta sai an sauya rajistar a ofishin lasisin motoci.

Ta uku, ana karɓar kuɗi? Nan ne mutane da dama ke zamewa ba su ankara ba. Ranar Talata ana shirin shiga kasuwar Mafara, maƙwabta suka cika mota, kowa ya miƙo abin da ake kira kuɗin mai. Idan abin ya zama sabo, ana sa farashi a kan kowace kujera, to haya ake yi, ko da lambar shuɗiya ce. Mai haya kuwa lasisin haya doka ta ɗora masa, da sharuɗɗan da suka fi na motar gida tsauri.

A taƙaice, mai Sharon ko Sienna ta iyali ya zauna da B ɗinsa lafiya. Mai Homa mai kujeru 14 ko 18, abin da ya fi masa kwanciyar hankali shi ne ya je ofishin jami'an binciken motoci, wato VIO, da takardun motar, a tantance masa ajinta, in ta kama ya ɗaga lasisinsa zuwa E.

Dalilin bambancin

Wani zai ce sitiyari ai sitiyari ne, wanda ya iya Golf zai iya bas. Lissafi bai yarda da haka ba. Mutum 18, ko da an ɗauka kowanne kilo 60 ne, sun haura tan guda, ban da akwatuna da buhunan da aka ɗaure a baya ko a kan rufi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Nauyin da aka ƙara kuma birki da taya ne ke shan wahalarsa, suna ɗaukar zafi, ƙarfinsu yana raguwa.

Akwai kuma batun tsawo. Bas doguwa ce, fasinjojinta suna zaune sama da inda na ƙaramar mota suke zama. Duk mutumin da ya shiga, nauyin motar yana ƙara hawa sama yana komawa baya. Idan taya ta fashe, ko direba ya fizgi sitiyari don ya kauce wa rami ko saniya, ƙaramar mota tana iya zamewa ta tsaya, ita kuwa bas mai lodi sai ta kife. A shekarar 2001 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi gargaɗi kan ƙananan bas masu ɗaukar mutum 15, bayan ta gano cewa idan suka ɗauki mutum 10 ko fiye, yawan kifewarsu a haɗari yana kusan ninka na marasa lodi sau uku. Akasarin masu amfani da irin waɗannan motoci a can ba 'yan haya ba ne, makarantu ne da majami'u da ƙungiyoyi.

Wannan ne ya sa ƙasashe da yawa suke ƙirga kujeru. A Ingila, lasisin ƙaramar mota yana tsayawa a fasinja 8 da nauyin kilo 3,500, kuma an ware aji na musamman, D1, don bas mai ɗaukar fasinja 9 zuwa 16. Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da maƙwabciyarmu Nijar, su ma a kujeru 9 haɗe da ta direba suke ja wa ajin B layi. Wanda ke da niyyar kai iyali Birnin Ƙonni ko Maraɗi da babbar bas ya san da wannan tun daga gida.

Hanyar da muke bi ma ba mai sauƙi ba ce. Titin da ya taso daga Gusau ya ratsa Bungudu da Maru da Talata Mafara da Tureta zuwa Sakkwato cike yake da tireloli da tankoki da babura. Matsalar tsaro ta sa kowa yana son ya isa kafin magariba, gaggawa kuma ita ce uwar gudun wuce sa'a. Iyakar gudun da aka ƙayyade wa bas ita ce kilomita 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya.

Yadda ake samun na gaskiya

Hukumomi uku ne suke haɗuwa kafin lasisi ya fito: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an binciken motoci na VIO, da hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha. Sabon mai nema sai ya kai shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya kammala darussa 26, sannan VIO su gwada shi a kan sitiyari. Daga nan ya cike takarda a intanet da lambarsa ta NIN, ya biya kuɗi, ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Za a ba shi na wucin gadi mai aiki kwana 60 kafin na dindindin ya iso, na shekara 3 ko na shekara 5. Tun watan Yuni na 2025 kuɗin hukuma Naira 15,000 ne na shekara 3, da Naira 21,000 na shekara 5. Lasisin haya kuwa sai mutum ya kai shekara 26, tare da takardar shaidar lafiya daga asibiti. Mai son ɗaga ajinsa sai an sake gwada shi da irin motar da yake son tuƙawa.

A yi hattara da masu cewa "kawo hoto da kuɗi, jibi ka zo ka karɓa." Duk sabon lasisin da aka yi ba tare da mai shi ya tsaya gaban na'ura ba, na jabu ne. Tarar tuƙi ba lasisi Naira 10,000 ce, haka ma ta lodin wuce kima, amma asarar da ta fi tara girma tana zuwa ne ranar da tsautsayi ya afku.

Ranar nan ne ake neman inshora. Tun 1 ga Janairun 2023, inshorar dole ta motar gida ta koma Naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 3, ta bas ɗin ma'aikata kuma Naira 20,000. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a faɗin ƙasa. Sai dai sharaɗinta shi ne direba ya kasance yana da lasisin da ya halatta masa tuƙa motar, kuma inshorar motar gida ba ta rufe aikin haya. Wanda ya saɓa ɗaya daga ciki ya buɗe wa kamfani ƙofar ƙin biya. Ban da inshora, akwai takardar mallaka, da lasisin motar kanta na shekara-shekara, da shaidar lafiyar mota daga VIO. Tayoyi ma suna da wa'adi: lambobi huɗun ƙarshe da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma FRSC tana jan kunne kan duk tayar da ta wuce shekara 4.

Wa ake miƙa wa makulli?

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne al'adar miƙa makulli. Ranar biki maigida yana can cikin baƙi, sai a ce wa ɗansa ko yaron shagonsa ya kwashi 'yan kai amarya. Yaro ne mai jini a jika, ya koyi mota a filin ƙwallo, ba shi da lasisi ko na babur, ga abokai a gefe suna zuga shi ya wuce motar gaba. A motar haya, fasinjoji daga gidaje daban-daban suke. A bas ta gida kuwa, uwa da goggo da ƙanne da jikoki ne a wuri ɗaya, haɗari guda yana iya tashin zuri'a sukutum. Idan akwai motar da ta cancanci ƙwararren direba, to ita ce.

Haka abin yake ga makarantun Islamiyya da na boko da ƙungiyoyin manoma masu bas. Bai dace a ce duk malamin da ya iya jan mota shi ne zai kai ɗalibai musabaƙa ba. A ware direba guda, a duba ajin lasisinsa, a gwada idonsa, a kuma hana shi ɗaukar fiye da adadin kujeru.

Hukumomi ma suna da nasu nauyin. FRSC da VIO da hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, ZAROTA, su riƙa shiga kasuwanni da tashoshi da gidajen rediyo suna bayyana waɗannan ajujuwa da Hausa, tare da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da sarakuna da limamai, domin mutane da yawa rashin sani ne ya sa suke karya doka, ba taurin kai ba. A kuma sauƙaƙa wa mutanen Mafara da Bakura da Maradun hanyar gwaji da ɗaukar hoto, don kada wahalar zirga-zirga ta tura su hannun 'yan damfara.

Kai kuma mai bas, rayukan da ke bayanka amana ce da za a tambaye ka a kanta. Ka duba harafin da ke kan lasisinka, ka duba nauyin motarka da launin lambarta. In sun dace, ka kiyaye gudu da lodi. In ba su dace ba, ka je ka gyara kafin tafiya ta gaba. Allah Ya tsare mu, Ya kai kowa gida lafiya.